Muryar Bindigar Roba

Bindigar roba ta yara, irin wadda ƴan koli ke jibgewa a tebur idan sallah ta matso, ba ta kukan bindiga. Duk wanda ya taɓa saya wa ɗansa ko ƙanensa ya san haka. Ka ja kunamar, ta yi fiu-fiu-fiu da wata siririyar murya, ta biyo da ɓarin wuta mai sauri kamar keken ɗinki, wata ma ta ƙarasa da jiniyar motar asibiti, jar fitila na ƙyalli a bakinta. Da yawansu daga ƙasar Sin suke zuwa, musamman daga yankin Shantou na lardin Guangdong inda masana'antun kayan wasan yara suka taru, kuma in ka buɗe goma za ka tarar cikinsu kusan ɗaya ne, ɓawon ne kawai ya bambanta. Na buɗe da yawa, domin a rumfar kawuna mai gyaran rediyo na tashi, Allah ya jiƙansa. Koyarwa nake yi yanzu, amma har yau idan abu mai batir ya mutu a unguwarmu, ni ake kawo wa.

Wannan da zan ba da labarinta ba mutuwa ta yi ba, lafiyarta lau. Muryarta ce aka ce ba ta yi ba.

A kwalejin da nake koyarwa a Maradi muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma mai riƙe da ita malamin Faransanci ne, dattijo wanda ni kaina ya koyar da ni, shi ya sa har yanzu bakina bai iya kiransa da komai ba sai Mushe. Mutum ne da ya ga zamanin wasannin samariya, ya tashi yana kallon su Yazi Dogo, kuma ya yarda cewa dandamali ba wurin ban dariya kaɗai ba ne. A wannan shekarar ya rubuta wa ɗalibai wasa a kan harin ƴan bindiga a wani ƙauye. Ba nesa ya je ya ɗauko labarin ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jiharmu, suka zauna a wajajen Gidan Rumji da Madarunfa, kuma ƙauyukanmu na bakin iyaka su ma ba su tsira daga satar shanu da ɗaukar mutane ba. A kowane aji akwai yaron da ya san wani da abin ya shafa, in ma ba shi kansa ba.

Matsalar ta fito ne a wurin gwaji. An zo inda maharin ke shigowa da asuba, mata na daka, ya ɗaga bindiga ya ja kunama, ita kuwa ta ce fiu-fiu-fiu. Yaran da ke kallo suka bushe da dariya, wanda aka harba ma yana kwance a ƙasa kafaɗunsa na rawa. Mushe ya naɗe ta a jarida ya kawo mini gida.

"Malam, ka ba wa wannan abin murya. So nake in ta yi kuka cikin kowa ya kaɗa."

Na ce to, Mushe, a bar mini ita.

Sukurori 7 ne suka riƙe ta. Da na kwance su da turnabis, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sukundireba, ga abin da ke ciki: gidan batir mai cin ƙanana 3, kowane volt 1.5, jimla 4.5, ƴar mota mai ɗauke da guntun ƙarfe a gefe guda don ta riƙa girgiza hannun yaro, fitila ja, ƴar sifika da faɗinta bai kai santimita 3 ba, an rubuta 8 ohm a bayanta, sai wani ɗan allo kore da bai wuce farcen babban yatsa biyu ba, da ɗigon baƙin abu a tsakiyarsa kamar an ɗiga kwalta. Wannan ɗigon shi ne komai. A ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take, tsirararta, an manne ta a jikin allon an rufe da gam mai tauri saboda hakan ya fi arha. Ba a buɗe shi, ba a gyara shi, ba a sake masa abin da aka zuba a ciki. Sautin da aka ba shi a masana'anta, da shi zai mutu.

Sai dai yana da kafa ɗaya da ake shigar masa ta nan. Ƙwaƙwalwar tana karanto sautin ne daki-daki bisa wani bugu na cikinta, kamar yadda makaɗi ke bin taki, kuma a irin waɗannan kayan sau da yawa saurin bugun yana rataye ne a kan rezisto guda ɗaya da ke zaune a gefen ɗigon. Ka ƙara masa nauyi, bugun ya yi sanyi, muryar ta yi kauri ta ja tsawo. Ka rage, ta yi sauri ta zama tsiwa. Yadda ake gano shi ma ba ya buƙatar mita: ka jiƙa ɗan yatsa, ka ja kunama, ka riƙa taɓa allon wuri-wuri, inda ka ji muryar ta karkace, nan ne. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau, a kayan ƙananan batura kaɗai ake yin haka. Abin da aka jona da wutar gida ba a kai masa jiƙaƙƙen yatsa, ko busasshe.

Turawa sun mai da wannan wasan sana'a. Wani Ba'amurke mai suna Reed Ghazala, yana saurayi a ƙarshen shekarun 1960, ya ji wata ƴar amfilifaya ta wasa da ya jefa a aljihun tebur tana fitar da baƙin sauti saboda cikinta ya taɓa ƙarfe. Maimakon ya gyara ta, sai ya bi sautin, ya shafe rayuwarsa yana karkatar da muryoyin kayan wasan yara yana mai da su kayan kiɗa. Da na fara karanta labarinsa dariya na yi, don kawuna ya san wannan rezisto tun ban san hannun damana ba. Shi dai a wurinsa cuta ce da ake magani, ba kiɗa ba.

Na yi sa'a tawa tsohuwar ƙira ce, rezistonta mai zanen launi, ja da ja da rawaya, wato 220k. Sababbin da ake kawowa yanzu wasu an cusa bugun a cikin ɗigon, ba su bar maka ko wannan kafar ba. Na narka dalmar na cire shi, na ajiye a kwalin ashana, na jona wayoyi biyu zuwa wani maɓalli na murɗawa, irin na ƙara muryar rediyo, mai nauyin da ya kai 1M. Na kuma yanke wayar motar, saboda ƙugin da take yi yana shiga cikin sautin, ga shan batir.

Sai sifika. Mutane suna ɗauka ƙarfin murya daga batir yake, alhali rabinsa daga akwati ne. Sifika tana tura iska ta gaba, a lokaci guda tana jan ta ta baya, kuma idan babu abin da ya raba gaban da bayan, iskar da aka tura sai ta zagayo ta cike gurbin, kaurin muryar ya ɓace, a bar ka da tsiwa. Na ciro sifikar wata matacciyar rediyon hannu, mai faɗin santimita 5, ita ma 8 ohm, na zaunar da ita a gindin bindigar inda akwai fili, na huda ramuka da ƙusa mai zafi, na toshe bayanta da gam da ƴar auduga. Ko kafin in taɓa maɓallin, muryar ta riga ta yi jiki.

Ranar Asabar da yamma na je makaranta da ita, don in ji yadda za ta cika ɗakin da za a yi wasan. Babu kowa sai mai gadi, wani tsoho da muke kira Baba, yana zaune can bakin ƙofa yana jiƙa goro. Na tsaya a kan dandamali ina jan kunama ina murɗa maɓallin a hankali. Fiu-fiu ɗin ta zama wani gunji kamar na saniya. Ɓarin wutar nan mai kama da keken ɗinki ya fara rarrabuwa, kowane bugu ya fita daban, ya yi nauyi, bangon siminti yana maido shi. Akwai wani wuri a jikin maɓallin, bai fi kaurin zare ba, inda abin ya daina zama wasa. Bindigar AK-47 tana fitar da harsashi kusan 600 a minti guda, wato 10 a daƙiƙa, kuma a wannan wurin takin ya faɗa kusa da haka.

Ban ji shigowar Baba ba. Na dai juya na gan shi tsaye, ba takalmi a ƙafarsa, ya dafa ƙyauren.

"Ɗana, kashe wanga abu."

Na kashe. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Haka ta ka yi." Ya juya ya koma ya nemo takalmansa. A makarantar kowa ya san daga wani ƙauye na bakin iyaka ya zo, kuma ba ya zancen abin da ya baro.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙarar ba ta kai ta kawo ba. Bindigar gaske tana wuce desibel 140, ƙarar da ke iya lalata kunne a bugu ɗaya, ita kuwa tawa sifikar rediyon hannu ce a kan batura 3. Ba ƙarfin ne ya taso shi ba takalmi ba, takin ne. Kunnen da ya taɓa jin wannan lissafin da tsakar dare ba ya jiran a cika masa sauran, shi yake cikawa da kansa.

A Amurka akwai doka tun 1988 da ta ce bindigar wasa ta ɗauki alama, galibi toshi mai launin lemo a bakinta, don kada ɗan sanda ko mai wucewa ya ɗauke ta ta gaske. Shi ya sa ko namu na kasuwa da yawa suke zuwa da wannan bakin. A ganina wannan murya ta wauta da muke yi wa dariya aikin da take yi ke nan, ita ce bakin lemo na kunne. Tana sanar da duk wanda ke bayan katanga cewa yaro ne ke wasa. Abin da Mushe ya sa ni, in an duba, shi ne in kankare wannan alamar.

Ranar Litinin na same shi a ɗakin malamai na gaya masa na samo muryar da yake so, kuma ba zan sa ta ba.

Ba zan rage masa hujja ba, domin yana da ita. Ya ce mutanen gari suna jin labarin ƙauye a rediyo suna ci gaba da shan shayinsu. Ya ce manyan da za a gayyato, masu zama a kujerun gaba, ya kamata ko sau ɗaya cikinsu ya ɗuri ruwa kamar yadda na talakan ƙauye ke yi kullum. Ya ce wasan da ke tsoron taɓa mutane gara a bar shi a yi rawa. Kuma gaskiya ne dariyar nan ta ranar gwaji cin fuska ce ga waɗanda aka rubuta wasan dominsu.

Na ce, "Mushe, na kujerun gaba ba za su ji komai ba. Su a fim suka san bindiga, za su ce kai, yaran nan sun iya. Wanda zai ji shi ne wanda ya riga ya sani, kuma shi ba ya bukatar a koya masa."

Ya ce wannan zancen masu taushin zuciya ne. Sai na kawo masa ɗayar hujjar, wadda ba ta da alaƙa da fasaha. Wasan da dare za a yi shi, a haɗa da lasifikar makaranta, mutum ɗari da wani abu a ɗaki mai ƙofa biyu, mata da goyo, ga jami'an tsaro da ke sintiri a unguwa. Mutum ɗaya ya isa ya yi ihu ya ruga. Nan ya yi shiru. Na san wannan ce ta kama shi, ba ta farkon ba, har yau kuma bai ce mini ya yarda da ta farkon ba.

"To sai mu koma wa fiu-fiu?"

Na ce a'a, a ba ni sati ɗaya.

Abin da na dogara da shi wani abu ne da masu haɗa sautin fim suka daɗe da sani: sautin da ya fi shiga jiki sau da yawa ba na abin da ake nunawa ba ne. Ben Burtt, wanda ya haɗa sautukan fim ɗin Star Wars na 1977, ya samo kukan takobin haske ne daga gunjin injin tsohuwar na'urar haska fim, haɗe da zuzar da makirfo ya ɗauko a kusa da akwatin talabijin. Kukan bindigoginsu kuwa, wayar ƙarfen da ke riƙe da dogon turken rediyo ya buga. Na gwada wannan da kaina, na sami wayar da ke ɗaure da wani turke na ƙwanƙwasa ta da ƙarfe, na kara kunne. Me zan ji? Fiu! Ashe muryar da Sinawa ke zuba wa bindigogin yaranmu jikanyar wannan waya ce.

Tunda baƙin ɗigon ba ya karɓar sabon karatu, dole a kawo masa kishiya. Wani abokina direba da ke zuwa Kano ya sayo mini ɗan allon da ake kira ISD1820 a kasuwar Sabon Gari. Abu ne mai sauƙin kai: yana da makirfonsa a jiki, yana aiki da volt 3 zuwa 5, yana ɗaukar sauti na kusan daƙiƙa 10, kuma ko an cire batir ba ya mantawa. Maɓallansa uku ne. Ɗaya na ɗauka. Ɗaya, mai suna PLAYL, yana magana ne muddin kana danne da shi. Na ukun, PLAYE, taɓawa ɗaya ta isa ya karanto abin da ke ciki har ƙarshe. Da wannan na ukun na haɗa kunamar, don kada yaron da zai riƙe bindigar ya sami damar yin ɓarin wuta ko da ya so. Ja ɗaya, kuka ɗaya. Na ƙara kafasito mai 470 a kan wayoyin batir, saboda baturan kasuwa masu arha suna durƙushewa idan aka nemi ƙarfi farat ɗaya.

Shi ma wannan allon yana da rezistonsa na taki. Da 100k yake zuwa. In ka ɗauki sauti a haka, sannan ka musanya shi da 200k, sai ya karanto maka a rabin sauri, muryar ta faɗa ƙasa ta yi kauri. Saura abin da za a ɗauka.

Na buga ƙyauren ƙarfe, ya fito kamar an rufe shago. Na tsula bulala a kan buzu, wannan ya yi kusa da gaske fiye da yadda nake so, na goge shi nan take. Na buga katako a kan tano, ya yi kamar ganga. Ana cikin haka wata safiya maƙwabciyarmu ta saki taɓarya a cikin turmin da babu komai a ciki, na ji shi har cikin haƙorina. Na tuna a wasan ma da daka ake buɗe fagen. Na aika a roƙo mini aron turmin, na sa ƙanwata ta ɗaga taɓaryar ta sake ta sau ɗaya, makirfon yana nesa da taku biyu don kada sautin ya fashe. Sau 6 muka yi kafin mu samu wanda kaza ba ta sa baki ba.

A rabin sauri, abin da ya fito ba ya kama da komai da ke cikin duniya, amma kuma ba baƙo ba ne. Dum, mai nauyi, da ɗan jan wutsiya. Na kai wa Mushe ya ja kunamar da kansa, ya saurara, ya sake ja.

"Wannan ai ba bindiga ba ce, Malam."

"Ba ita ba ce, Mushe."

Ya juya ta a hannu, ya ce a gwada a gani. Shi ne kuma, ba ni ba, ya gyara fagen yadda ya dace da ita: ƴan mata uku suna daka suna luguden taɓarya, maharin ya shigo, su tsaya cak da taɓare a sama, sannan bindigar ta yi nata dakan guda ɗaya a cikin shirun. Ya hana a kai ta kusa da lasifika, ya ce muryarta ta isa. Bakin lemon ma da ɗalibai suka so shafe shi da baƙin fenti, ya ce a bar shi.

Daren wasan ba wanda ya yi dariya a wurin, ba kuma wanda ya tashi. Wata mata a layin baya ta ja mayafi ta rufe fuska har aka sauya fage. Baba bai shigo ba, yana bakin ƙofa inda aikinsa yake, da takalmansa a ƙafa. Washegari da na gaishe shi ya ce ya ji an yi wasa lafiya, Allah ya ƙara basira, bai ƙara komai a kai ba.

Sai bayan kwana biyu na san bindigar ta jikan Mushe ce, yaro ɗan shekara 6, aro aka yi ba da cikakken izininsa ba, kuma ya tayar da rigima a gida yana neman kayarsa. Na sake kwance sukurorin nan 7. Na cire allon ISD1820 na jefa a aljihun tebur da dakan a cikinsa, ko wata shekarar za a nema. Sifikar rediyon na bar masa ita. Maɓallin murɗawar kuwa na yanke wayoyinsa tun daga tushe, na ɗauko kwalin ashana, na mayar da reziston nan mai ja da ja da rawaya inda yake, na zuba masa dalma fiye da yadda yake bukata, sannan na bi da gam a kai.

Kakan ne ya kawo shi karɓa. Yaron ya ja kunama sau biyu, ya ɓata fuska, ya miƙo mini.

"Kawu, ba ta rawa."

Motar ce da na yanke. Na ce su zauna, na jona ƙarfen dalma a wuta, muka jira ya yi zafi.